Bishop Tugwell a Ƙofar Kano: Wa Ya Ba Mu Labarin?

Duk wanda ya nemi tarihin zuwan mishan ƙasar Hausa, ko a littafi ko a 'yan maƙalun da ke yawo a intanet, zai tarar kusan kullum daga wuri ɗaya ake farawa: shekarar 1900, Turawa biyar a fadar Sarkin Kano Alu, da bishop a gabansu. Sunan bishop ɗin Herbert Tugwell, na cocin Angilikan. An maimaita labarin har ya yi sulɓi kamar tsohon dutsen niƙa. Masu maimaitawar kuwa, yawancinsu daga rijiya biyu suke ɗiba: littafin Likita Walter Miller mai suna Reflections of a Pioneer, wanda ya fito a 1936, da na masanin tarihi E. A. Ayandele, The Missionary Impact on Modern Nigeria, na 1966. Su muka sake karantawa, muna neman abu biyu: wane irin mutum ne wannan bishop, kuma ina mutanen ƙasa suke a cikin labarinsa.

An haifi Tugwell a Ingila a 1854, ya yi karatu a Kambirij, ya sauka Legas a 1889 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS. Kujerar da ya hau a 1894 kujera ce mai zafi. Bishop Samuel Ajayi Crowther, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a cocin Angilikan, ya rasu a ƙarshen 1891, bayan wasu matasan 'yan mishan daga Ingila sun ci zarafin aikinsa da ma'aikatansa a bakin Kwara. CMS ta ƙi ɗora wani ɗan Afirka a gurbinsa. Ta aiko Bature, Joseph Hill, shi kuma ya rasu a Legas makonni kaɗan da saukarsa, sai abin ya faɗo kan Tugwell. Malaman coci Yarabawa irin su Oluwole da Phillips, waɗanda suka riga shi sanin ƙasa da mutanenta, mataimaka aka bar su. Ya riƙe muƙamin har 1921, ya rasu a 1936, shekarar da littafin Miller ya fito.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana bishop, amma a Arewa 'yan kwanakin da ya yi a Kano kaɗai aka san shi da su.

Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila, yana cikin tafiyar, yana saurayi ɗan shekara ashirin da wani abu. Shi da abokansa Richardson da Dudley Ryder sun fara zuwa Tarabulus koyon Hausa a wurin Hausawan da ke zaune can da masu wucewa aikin hajji. Na biyar ɗinsu Burgin. Suka taso daga Legas a farkon 1900, suka ratsa ƙasar Yarabawa, suka haye Kwara a Jabba, suka iso Zariya, inda Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fuska. Suka ƙi tsayawa, domin Kano ce a ransu. A Kano Sarki Alu ya ƙi ba su wurin zama, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka dawo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, kusa da sansanin sojan Turawa. A nan Ryder ya rasu, Richardson kuma ciwo ya mayar da shi gida.

Mila ya iya ba da labari, wannan ba a ƙwace masa ba. Yana da idon likita, yana lura da jiki da ciwo da abinci da hanya, kuma ya zauna da Hausawa shekaru masu yawa har harshen ya zauna a bakinsa. Matsalar littafin ita ce an rubuta shi bayan shekara talatin da shida, da alƙalamin mutumin da ya riga ya yanke wa sarakunan Fulani hukunci tun da daɗewa. A wurinsa talaka Bahaushe mutum ne mai kirki da aka danne, sarki kuwa shi ne katangar da ta tare haske. Wannan tunani ba shi ya ƙago shi ba. Tun kafin tafiyar akwai masu rubutu a Ingila da ke cewa Musuluncin Bahaushe bai wuce fatar baki ba, da zarar an ɗage hannun Fulani zai juya. Da wannan zato Tugwell ya ɗaura sirdi, kuma littafin Mila bai taɓa zaunar da zaton ya yi masa tambayoyi yadda ya kamata ba.

Saboda haka mai karatu zai ga sarki biyu, ɗaya mai sakin fuska ɗaya mai ɗaure ta, kamar dai bambancin hali ne kawai. Alhali kowannensu lissafi yake yi. Kwasau yana cikin matsi, Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, yana kai hari cikin ƙasarsa, don haka Bature ko wane iri ne yana iya zama abin jingina. Alu kuwa ya hau gadon Kano ne ta hanyar yaƙin basasa da aka yi tsakanin 1893 da 1895, inda ya kayar da Tukur, wanda Sakkwato ta naɗa. Mutum mai irin wannan tarihi ba zai so a ji a Sakkwato cewa ya saukar da Nasara a birninsa ba da izini ba. Ga shi kuma a 1897 sojan kamfanin Turawa sun ci Bida da Ilori, a ranar 1 ga Janairun 1900 kuma Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ya ce Arewa duk ta shiga hannunsu. Wata uku ko huɗu bayan haka sai ga Turawa biyar da ayarin kaya a ƙofar gari, suna cewa su malamai ne da likita. Ko mu ne a kan karagar, me za mu ɗauke su? Shekara uku ba ta cika ba sai da igwa ta fasa ganuwar Kano.

A nan ne Ayandele ya fi ƙarfi. Ya mayar da siyasa cikin labarin, ya nuna yadda buƙatar 'yan mishan da ta masu mulkin mallaka suke haɗuwa wani lokaci, su rabu wani lokaci. Tafiyar Kano ta zama wa gwamnatin Lugga abin kunya da fargaba, kuma tana cikin dalilan da aka riƙa kawowa daga baya wajen taƙaita shigar mishan masarautun Musulmi, musamman bayan alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin mutane ba. Wato gaggawar bishop ta taimaka wajen rufe ƙofar da ya zo buɗewa. Ayandele ya kuma ba mu wani Tugwell da ba mu sani ba a nan Arewa, mai yaƙi da cinikin barasa. Mutumin ya yi shekaru yana faɗa da jiragen da ke sauke kwalaben giya a gaɓar teku, har a 1899 aka kai shi kotu a Legas saboda abin da ya rubuta a jaridar The Times game da shaye-shayen Turawan da ke zaune a can. A 1909 aka kafa kwamitin bincike kan cinikin, sakamakon bai yi masa daɗi ba. Abin dariya, da a ce an sami mai fassara zukata a fadar Kano ran nan, da bishop da sarki sun tarar akwai aƙalla magana ɗaya da bakinsu ya zo ɗaya a kanta.

Sai dai Ayandele ma daga taskar takardun mishan da na gwamnati ya ɗebo yawancin kayansa, kuma idonsa ya fi karkata Kudu, inda rigimar 'yan boko da Turawan coci ta fi zafi. Idan ya zo Arewa, muryar da ake ji ta Bature ce, ko da kuwa ana sukarsa ne. Kowa ya haddace sunayen mutum biyar. To, 'yan alaron da suka ɗauko akwatunan daga Jabba fa? Wanda ya nuna hanya, da matar da ta sayar musu da fura, da bafaden da ya tsaya tsakaninsu da sarki? Mai karatu zai rufe littattafan biyu bai riƙe fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. Wanda yake son jin yadda zuwan Turawa ya kasance a kunnen mutumin ƙauye, gara ya nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a Giwa aka buga a 1954. Ba maganar bishop take yi ba, amma ƙasar da take bayani, ta kan iyakar Kano da Zazzau da Katsina, maƙwabciyarmu ce, kuma tsoron mahara da zancen bayi da ke cikin hirarta su ne iskar da ake shaƙa a shekarun da ayarin Tugwell ya ratsa.

Wannan giɓi ya fi damun mu a nan ƙasar Maska, domin abin da ya tsira daga waccan tafiya bai tsira a fada ba. Mila ya koma Girku, ya shiga birnin Zariya a 1905, aka mayar da mishan Wusasa a 1929. Mutanen da suka fara cika makarantarsa da yawa sun fito ne daga Isawa, almajiran wani Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun ƙarni na sha tara saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a karatunsa. Su suka nemi Mila da ƙafarsu wajen 1913, aka kafa musu zama a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna. Daga wannan tsatso Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Daga Wusasa Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan farko a Arewa. Daga can kuma aikin ya miƙo zuwa Maska da Tsafe, cikin Maguzawa manoma. Yau duk wanda ya san ƙauyukan Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Malumfashi ya san gidajen da wa yake zuwa masallaci ƙane yake zuwa coci, a gona ɗaya suke noman auduga da masara, a kasuwa ɗaya suke sayarwa. Tarihin waɗannan gidaje bai fara da bishop ba, kuma tarihin bishop ba zai iya ɗaukarsa ba. Tsofaffin da suka ga malaman bishara na farko da idonsu sun kusa ƙarewa.

Akwai kuma bashin adabi, wanda mu marubuta ba mu cika son ambata ba. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko ya fito a 1932, Mila ne ƙashin bayan fassarar. Ya riga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, waɗanda gasar 1933 ta haifar. Jiki Magayi kuwa, John Tafida na Wusasa ne ya rubuta shi tare da Rupert East. Ko mutum ya so ko ya ƙi, akwai hannun wannan ƙaramar al'umma a harsashin zubenmu. Amma a dubban littattafan da aka buga daga Kano tun shekarun 1980, da waɗanda ake sakawa yanzu babi-babi a waya, sau nawa muka ga Bahaushe Kirista a matsayin cikakken mutum, mai uwa da gona da bashi da soyayya? In ya fito ma, yawanci yana jiran babin da zai musulunta ne. Mu ma muna da namu gajeren labarin na 1900, wanda ake bayarwa da alfahari: sarki ya kori Nasara, shi ke nan. Wannan bai fi na Mila zurfi ba, juya riga kawai aka yi.

Ga kayan ƙagaggen labari a zube ba mai ɗauka. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Alu ya ƙare a tsare a Lakwaja, garin da CMS ta daɗe da kafa coci da makaranta, cikin yankin da Tugwell yake bishop. Kwasau, wanda ya sake musu fuska, shi ma can aka kai shi, can ya rasu. Daga baya Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙin nan, ya bi su, kuma ƙorafe-ƙorafen Mila na cikin abubuwan da ake danganta tuɓe shi da su. Alu ya rayu a Lakwaja har 1926, shekara biyar bayan bishop ɗin ya ajiye aiki ya koma Ingila. Shekaru masu yawa ke nan yana zaune a bakin kogin da jiragen 'yan mishan suke tsayawa, a garin da ake buga ƙararrawar coci kowace Lahadi.