Dodo a Cikin Kwali: Nazari a Kan 'Yan Tsanar Dodannin Silima da Masu Tara Su

A ƙasar Amurka, da waɗansu ƙasashen Turai, da Japan, akwai magidanta, waɗansu har da furfura, waɗanda su kan kashe kuɗi mai yawa wajen tara ƙananan mutum-mutumi na roba masu siffar dodannin da aka nuna a silima tun zamanin kakanninsu. Su kan jera su a kan kanta cikin ɗaki na musamman, su kan rubuta lissafinsu, su kan yi doguwar tafiya zuwa inda a ke baje kolinsu. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ƙuruciya ce ta ƙi sakin manya. Amma mai nazarin harshe da adabi yana da abin dubawa a nan, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan 'yan dodanni ƙarshen wata doguwar ruwaya ne, wadda ta taso daga littafi, ta bi ta silima, ta ƙare a roba. Kamar kowace ruwaya kuwa, a kowane zango ta kan zubar da wani abu ta ɗauki wani.

Tun daga suna a ke fara ganin dabara. Bature yana da kalmarsa ta 'yar tsana, kuma a wurinsa kayan 'yan mata ce. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da wani ɗan soja na roba mai tsawon kamar inci 12, mai gaɓoɓin da su ke lanƙwasuwa, aka sa masa suna G.I. Joe. Masu kamfanin sun san da wuya uba ya saya wa ɗansa namiji 'yar tsana, sai suka hana a kira sojan da wannan kalma, suka ƙago wata sabuwa mai ma'anar "siffa mai motsi". Kalmar ta bi baki, har ta zama sunan jinsin gaba ɗaya, ta haɗa da waɗanda ba wanda ya taɓa motsa su tun ran da aka fito da su daga masana'anta. A wannan takarda za a ci gaba da ce musu 'yan tsana, tun da ya ke Hausa ba ta yi alkawarin rufa wa kowa asiri ba.

Dodon da ya fi kowanne yawa a kantocin masu tarawa shi ne wanda a ke kira Frankenstein, shi kuwa salsalarsa a sarari ta ke. Mary Shelley, 'yar Ingila, ta buga littafin a 1818, tana da shekara 20. A cikin littafin, Frankenstein sunan ɗalibin da ya harhaɗa halittar ne. Ita halittar ba ta da suna ko kaɗan. Fatarta rawaya ce, gashinta baƙi ne mai tsawo, tsayinta ƙafa takwas. Abin da ya fi muhimmanci, tana magana, da fasaha ma. Ta koyi Faransanci ne a ɓoye, tana leƙe ta wata 'yar kafa a bango, sa'ad da mutanen wani gida su ke koya wa wata baƙuwa harshensu. Sa'an nan ta tsinci littattafai uku, ciki har da waƙar Milton ta fitar Adamu daga Aljanna, ta karance su. Babi shida cur na tsakiyar littafin ita ce ke ba da labarinta da bakinta, tana tuhumar wanda ya yi ta ya guje ta. Ƙarfin littafin duk yana cikin wannan tuhuma.

Da kamfanin Universal ya mai da labarin fim a 1931, ƙarƙashin jagorancin James Whale, abu na farko da aka zubar shi ne maganar. Boris Karloff, wanda ya fito a matsayin halittar, gurnani kawai ya ke yi, har ma a jerin sunayen farkon fim alamar tambaya aka sa a gurbin sunansa. A madadin harshe sai aka ba ta fuska. Jack Pierce, mai shirya fuskokin 'yan wasa na kamfanin, shi ya ƙago shafaffen kai mai kama da murfin akwati, da goshi mai rinjaye a kan ido, da ƙarafa biyu a wuya, waɗanda mutane su ke ɗauka ƙusoshi ne, alhali mahaɗar wutar lantarki ce aka nufa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a littafin. A fim na biyu, na 1935, an bar halittar ta furta 'yan kalmomi. Karloff bai so haka ba, a na 1939 kuwa ta koma bebiya. Sunan ma tun kafin fim ya fara zamewa daga mai ƙira zuwa abin da ya ƙera, fim ya ƙarasa shi. Masu nazarin ma'ana sun san irin wannan zamiya, ita ce ta sa a ke kiran kowane garin sabulu Omo.

Da wataƙila finafinan nan sun tsufa a rumbun kamfani, sai a 1957 aka haɗa guda 52 daga cikinsu aka sayar wa tashoshin talabijin, suna nuna su da dare. Yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka gan su a ɗakin iyayensu, da fitila a kunne. A 1958 aka fara mujallar Famous Monsters of Filmland, wadda Forrest Ackerman ya ke shiryawa, cike da hotuna da barkwanci. A 1961 kamfanin Aurora na jihar Niyok ya fito da Frankenstein na roba a kan senti 98, watau dala ɗaya ba senti biyu, da hoton James Bama a bayan kwali. Dracula da mutumin nan mai rikiɗa kyarkeci suka biyo baya a 1962, sauran suka bi sahu.

Ya kamata a tsaya a dubi wannan na Aurora da kyau, domin shi ne kakan sauran. An yi shi yana takawa a kan kabari, da hannu biyu miƙe a gaba. Duk wanda aka ce ya kwaikwayi Frankenstein, ko a wace ƙasa, haka zai miƙa hannuwa ya yi tafiya a sandare. Amma Karloff na 1931 ba haka ya ke tafiya ba. Asalin miƙa hannun daga fim na 1943 ne, inda Bela Lugosi ya karɓi matsayin halittar. A ƙarshen fim ɗin da ya gabace shi, na 1942, an sa mata ƙwaƙwalwar wani, ta makance, sabo da haka Lugosi ya yi wasansa a matsayin makaho mai lalube. Kafin a fitar da fim ɗin sai aka yanke duk maganarsa, bayanin makantar ya tafi tare da ita. Lalube ya rage, dalilinsa ya ɓace. 'Yan kallo suka ɗauka barazana ce, waɗanda suka biyo baya suka kwaikwaya, mai sassaƙa ya daskarar da ita a roba. Malamin da ya taɓa fama da karin maganar da kowa ya ke faɗa amma ba wanda ya san labarin da ya haife ta zai gane wannan nan da nan. Yaron 1961 yana riƙe da siffar makaho mai neman hanya, yana tsammani mai kawo farmaki ne.

Duk da haka, idan za a yi hukunci da adalci, 'yan dodannin Aurora sun fi na bayansu daraja, kuma darajar tasu tana cikin rashin kammaluwarsu. Ba a sayar da su a haɗe. Yaro ya kan buɗe kwali ya tarar da guntaye masu launi ɗaya, sai ya nemi gam da fenti da buroshi ya zauna. Finafinan baƙi da fari ne, ba wanda ya ga launin fatar dodon a allon silima, sabo da haka hukuncin launi yana hannun yaron: ko ya bi koren da ya saba gani a bangon mujallu, ko ya bi ransa. Jini ma shi zai ƙayyade yawansa. Dodo dubu daga zubi ɗaya, amma da wuya a sami biyu da suka yi kama bayan sun fito daga hannun masu su. A nan akwai ɗan kusanci da Dodon tatsuniya, wanda mai ba da labari ta kan ce ƙato ne, mai gashi, mai cin mutane, ta bar sauran ga duhu da zuciyar mai saurare. Masu shirya littattafan tatsuniya na makaranta, da ɗaliban kwalejin horon malamai da a ke koya wa zanen allo, suna fuskantar tambayar nan duk ran da suka zo shafin Dodo: in an zana shi sosai, ajin gaba ɗaya zai tashi da Dodo ɗaya, na mai zanen.

Fuskar da aka daidaita kuwa ta kan zama dukiya, dukiya kuma ba ta rasa shari'a. Littafin Shelley na kowa ne, amma kwalliyar Pierce ta Universal ce. Shi ya sa da kamfanin Hammer na Ingila ya yi nasa fim a 1957 dole ya ƙago wa Christopher Lee wata fuska dabam. Lugosi ya rasu a 1956. A 1966 magadansa suka kai Universal ƙara a kan cinikin kamanninsa a kayan wasa da sauransu, aka yi ta jan magana har 1979, inda Kotun Ƙoli ta jihar Kalifoniya ta ce hakkin mutum a kan kamanninsa ba a gadonsa. Majalisar jihar ta sake doka, daga 1985 ya zama a kan gada har shekara 50, daga baya aka mai da shi 70. Pierce, wanda hannunsa ya yi fuskar, kamfanin ya sallame shi bayan yaƙi, ya rasu a 1968 ba tare da an damu da shi ba.

Sauran magana a kan masu tarawa ne na yanzu. Abin da su ke cewa yana jansu shi ne begen ƙuruciya. Kalmar da Turawa su ke amfani da ita a nan wani ɗalibin likita ne, Johannes Hofer, ya ƙaga ta a Basel a 1688, daga kalmomin Girkanci biyu, "komawa gida" da "raɗaɗi", kuma cuta ya nufa, irin wadda ta ke kama mutanen Suwizalan da aikin soja ya kai su nesa. Wancan begen yana da magani, a mai da mutum garinsu. Da kalmar ta tashi daga wuri ta koma kan lokaci sai maganin ya ƙare, 'yan kasuwa kuwa ba su da abokin ciniki kamar mai ciwon da ba ya warkewa. Daga wajen 1998 kamfanoni irin su McFarlane da Sideshow, daga baya NECA, suka shiga yin dodanni don manya, da kowace tamoji ta fuskar Karloff a wurinta. A 2021 NECA ta fitar da Frankenstein iri biyu, mai launi da kuma baƙi da fari, don wanda ya ke so kantarsa ta yi kama da allon silima. Gwaninta ce ba shakka, ta fi ta Aurora nesa ba kusa ba. Amma an gama kome, mai saye ba shi da aiki sai biya da ajiya.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A 1979 kamfanin Kenner ya shirya ƙananan 'yan tsana na fim ɗin Alien, fim ɗin da ba a barin yara su shiga su kaɗai, sai aka fasa fitar da su, samfur kawai ya rage. A 2013 kamfanin Super7 ya bi samfurin ya ƙera su, da gaɓoɓi biyar kacal da ɗanyen zubi irin na wancan zamani, da gangan, aka yi rububin saye. Mutane suka biya kuɗi don su tuna da abin wasan da ba yaron da ya taɓa riƙe shi. Shi dai Kenner ya riga ya gwada irin wannan ciniki: a Kirsimetin 1977, da 'yan tsanar Star Wars ba su kammala ba, kwali ya sayar da takardar alkawari a ciki, kayan suka iso a 1978. Ɗaya daga cikin samfuran da aka hana fitarwa na wannan jeri, Boba Fett mai harba roka, an yi gwanjonsa a 2024 a kan fiye da dala miliyan ɗaya da dubu 300.

Ba daidai ba ne a hana masu tarawa hakkinsu. Kayan da kamfanoni suka ɗauka shara ne, kwalaye da takardun talla da samfura, su suka adana; sunayen masu sassaƙa da masu zane da aka manta, su suka tono. Yawancin abin da aka sani na tarihin wannan sana'a daga wurinsu ya fito, kuma ƙwazonsu wajen bambanta bugu da bugu ba ya kasa na mai nazarin tsofaffin rubuce-rubuce. Inda aibin ya ke shi ne ma'aunin daraja da kasuwarsu ta kafa. Akwai ma'aikatu da aikinsu ke nan, a aika musu da 'yar tsana su duba kusurwar kwali da hasken leda, su ba ta maki bisa 100, su rufe ta cikin akwati garai-garai wanda ba a buɗe shi sai an fasa. Bisa wannan ma'auni, Frankenstein na Aurora da wani yaro ya haɗa a 1961, gam ya tsiyaya a kafaɗa, jan fenti ya wuce iyaka, kuɗinsa kaɗan ne. Mai tsada shi ne wanda aka saya wa yaron da bai kula ba, ko wanda ya yi kwantai a kanti, yana nan da ledarsa. Wanda ya mallaki irin wannan ba zai buɗe ba, domin buɗewa za ta zubar da yawancin kuɗin. A waje ga hoton da Bama ya zana, a ciki kuwa guntayen roba ne da ba a taɓa haɗa su ba, da takardar bayanin yadda a ke haɗawa.