Gwarzon da Ke Cikin Rigar Dodo

Yaran Tambuwal da Kebbe a bakin kaka suke jin labarin Dodo. A Japan kuwa, a 1954, jiki aka yi masa.

Ishiro Honda ya ba da umarnin fim ɗin Godzilla. Eiji Tsuburaya da yaransa suka ƙera ɗan ƙaramin birnin Tokyo da hannu, don kawai a tattake shi.

Amma Haruo Nakajima, wanda ya fito a matsayin dodon, ya fi cancantar jinjina. Rigar robar da ya sa ta kai kilo 100, fitilu na gasa shi, gumi na kwarara. Har gidan zu ya riƙa zuwa koyon takun giwa. Fim 12 na Godzilla ya yi, fuska a rufe, har 1972. Fim na farko kaɗai, mutum fiye da miliyan 9 suka kalla a Japan.