Iyaye da Karatun 'Ya'ya a Cikin Ƙagaggun Labaran Hausa: Sharhi a Kan Littattafai Huɗu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a cikinmu ya san cewa yaro ba ya shigowa aji hannu sake. Yakan zo da abin da ya ji ana faɗa game da makaranta a zaure ko a tsakar gida, ko yabo ko zagi, kuma a kan wannan ne malami zai ɗora nasa ginin. Manufar wannan takarda ita ce ta duba yadda marubutan zube na Hausa suka kalli wannan al'amari. Na zaɓi littattafai huɗu: Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa (1934), da Magana Jari Ce na Abubakar Imam (1937 zuwa 1939), da Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, dukkansu biyu na Balaraba Ramat Yakubu (1990).

Abin da nake son in tabbatar guda ne. A cikin waɗannan littattafai, son karatu yana tsirowa ne a zuciyar yaro sa'ad da wani babba ya ɗauki karatun nan da muhimmanci, ya kuma nuna wa yaron haka a aikace. Amma sau da yawa wannan babba ba mahaifi ba ne, kuma ita makarantar kanta, watau zaman malamai da ɗalibai da iyaye a matsayin jama'a guda, ba ta sami fili sosai a cikin labaran ba. Wannan giɓi shi ne babban abin da nake ganin ya cancanci suka.

2.0 Shimfiɗa

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a tuna da abubuwa biyu. Na farko al'ada ce. Bahaushe yana da kunyar ɗa, musamman ɗan fari, har ta kai iyaye ba su faɗin sunansa, ba su kuma nuna damuwa da sha'aninsa a gaban jama'a. Tare da wannan akwai al'adar riƙo, inda kaka ko gwaggo ko kawu kan ɗauki yaro su rene shi. Saboda haka kalmar "iyaye" a Hausa ta fi uwa da uba faɗi, shi ya sa ake cewa ɗa na kowa ne.

Na biyu tarihi ne. Makarantar allo ta daɗe da samun hanyoyin da take haɗa gida da malami: kuɗin Laraba da yaro kan kai, da sadakar da akan yi idan ya kai wasu surori, da walimar sauka wadda unguwa duka kan halarta. Makarantar boko kuwa baƙuwa ce. Tun daga wadda Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, har zuwa shirin ilmin firamare kyauta ga kowa na 1976, daga hannun hukuma take zuwa, iyaye da yawa kuma suka karɓe ta da ɗari-ɗari. Tafawa Ɓalewa da Imam duk sun fito daga Kwalejin Katsina, duk kuma sun yi aikin koyarwa, don haka sun san wannan matsala ido da ido.

3.0 Shaihu Umar: Mariƙi a Gurbin Mahaifi

Labarin ya buɗe da Shaihu Umar yana babban malami a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya shiga ba su tarihinsa. Mahaifinsa ya rasu tun bai san shi ba. Ya tashi agola a gidan Makau, bafaden da makircin fada ya kora daga gari. Daga nan aka sace shi, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu, har ya isa ga Abdulkarim, Balarabe ɗan kasuwa, wanda ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi tamkar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud.

Abin lura a nan shi ne, yaron da ya rasa uba da uwa da gari bai tashi da ƙin karatu ba. Dalili kuwa a fili yake: ya sami gida inda aka kwantar masa da hankali, aka kuma ɗauki karatunsa a matsayin babban aikin da ke gabansa. Marubucin ya nuna cewa ba jini ne ke sa yaro son allo ba, kulawa ce.

Amma akwai ƙulli a cikin labarin wanda mai sharhi bai kamata ya tsallake ba. Abdulkarim ɗin nan da ya buɗe wa Umar ƙofar ilmi, yana cikin fataken da ke safarar bayi ta hamada, watau cinikin nan da ya cinye rayuwar mahaifiyar Umar. Ta bar kome ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, ba su kuwa daɗe da saduwa ba ta rasu. Ita ce ta fi kowa shan wahala dominsa, amma ba ta da hannu ko kaɗan a cikin karatunsa. Littafin ya raba soyayyar uwa da tarbiyyar ilmi gida biyu, bai kuma tsaya ya tambayi ko wannan rabo daidai ne ba. Haka nan Umar da kansa ba mu ga ya yi gardama ko ƙiwuya ko gajiya da karatu ba. Yaro ne da ake yi wa abu, yana karɓa da haƙuri. Wannan ya dace da jigon tawakkali da littafin ya ginu a kansa, sai dai ya rage wa tauraron kama da yaran da muka sani.

4.0 Magana Jari Ce: Uba Malamin Ɗansa

A littafi na ɗaya, aku ne ke tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labarai dare bayan dare, don kada ya fita daga gida ya faɗa tarkon mugun waziri, alhali mahaifinsa yana wurin yaƙi. A nan ma wanda ya tsaya a kan yaro ba mahaifi ba ne. Sarki ya ba ɗansa gata iyakar gata, amma aikin sarrafa hankalinsa a hannun wani ya faɗa.

A littafi na uku al'amarin ya juya. Aku, wanda yanzu ya zama waziri, ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa hikimar magana da zaman duniya, yana ba shi labari yana jawo hankalinsa ga darasin da ke ciki. A cikin littattafan nan huɗu, nan ne kaɗai muka ga uba ya zauna da ɗansa a kan karatu, yau da gobe, ba tare da wakili ba. Ina ganin ba banza ba Imam ya ɗora wannan aiki a kan tsuntsu. Da mutum ne, basarake ko attajiri, da mai karatu na wancan zamani ya ga baƙon abu, domin kunya da girma ba su barin uba ya yi irin wannan doguwar hira da ɗansa. Aku ba shi da wannan takunkumi, saboda haka ta bakinsa marubucin ya nuna wa iyaye abin da zai yi wuya a faɗa musu kai tsaye.

Rauninsa shi ne, karatun Fasih na fada ne, na ɗa guda mai gadon sarauta. Babu abokan karatu, babu gasa, babu rashin littafi ko yunwa. Darasi ne mai kyau ga uban da ke da ilmi da sukuni. Manomin da bai iya karatu ba, wanda kuma shi ne mafi yawan iyayen ɗalibanmu na karkara, bai ga kansa a ciki ba.

5.0 Balaraba Ramat Yakubu: Uba Mai Hanawa, Mace Mai Tsayawa

Bayan fiye da shekara hamsin, sai ga murya dabam. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta kawo rikicin cikin gida fili. A Wa Zai Auri Jahila? mahaifin Abu ya fitar da ita daga makaranta tana 'yar shekara 13. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi, wanda ya yi boko, ya guje ta saboda rashin ilmi, aka kuma aurar da ita dole ga Sarkin Noma, dattijon da ya haife ta. Ta gudu birni wurin 'yar'uwar iyayenta, Hajiya Kumatu, a can ta koma karatu har ta kai ga aikin jinya.

Ƙarfin wannan littafi shi ne ya nuna cewa uban da ya hana karatu ba lalle ne mugu ba. Tsoron bakin mutane ne ke tuƙa shi, watau kada a ce 'yarsa ta girma tana yawo a titi da sunan makaranta. Ashe ke nan ra'ayin uba ma ba nasa ne shi kaɗai ba, na majalisar ƙofar gida ne. Wanda duk ke son ya canja ra'ayin iyaye, sai ya fara da wannan majalisa. Har ila yau, a nan ne muka fara ganin yarinya mai son karatu don kanta, wadda ke jin zafin rabuwa da shi.

A Alhaki Kuykuyo Ne kuwa, Alhaji Abdu ya yi watsi da Rabi da 'ya'yanta tara saboda amarya. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, da ita ta ci da su, ta kuma riƙe karatunsu. Goyon baya a nan ba nasiha ba ce ta fatar baki, gumi ne da hayaƙin murhu. Yaran da suka ga abin da uwarsu ke sha dominsu ba su bukatar a yi musu wa'azi a kan darajar makaranta.

Sukar da zan yi ita ce, a littattafan nan biyu ilmi ya fi fitowa a matsayin makamin fansa, abin da ke ɗaga wanda aka wulakanta a idon waɗanda suka raina shi. Wannan gaskiya ne, yana kuma ƙarfafa zuciyar mai karatu. Amma sakamakon karatun aka fi nuna mana, shi karatun kansa an bi ta kansa da sauri.

6.0 Giɓin da Ya Rage

Idan aka haɗa littattafan huɗu, za a ga mafi yawan abin da ya shafi karatun yaro a gida ake yanke shi: a sa shi, ko a cire shi, ko a biya masa. Da zarar ya ƙetare ƙofar makaranta sai labari ya taƙaice. Ba mu cika ganin uba ya je ya gai da malamin ɗansa ba, ko uwa ta tambayi abin da aka koya yau, ko iyayen unguwa sun taru don gyaran rufin aji. Wurin da ya fi kusa da nuna makaranta a matsayin jama'a shi ne zaman Shaihu Umar da almajiransa a Rauta, shi ma kuwa ƙofar shiga labari ne kawai.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Shaihu Umar da Magana Jari Ce sun daɗe cikin littattafan da ake karantawa a makarantunmu. Ɗalibin da ya karanta su jiya shi ne uba yau. Idan adabi ya koya masa cewa aikinsa ya ƙare ran da ya miƙa yaro ga malami, to, kada mu yi mamaki idan an kira taron iyaye da malamai aka ga kujeru wayam. A 2022 hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 ne ba su zuwa makaranta a Nijeriya. Talauci da rashin tsaro da ƙarancin azuzuwa suna da babban kaso a cikin wannan, ba kuwa adabi ne zai magance su ba. Amma abin da iyaye ke ɗauka makaranta take, ko tasu ce ko ta gwamnati, wannan fage ne da marubuci ke da ta cewa a cikinsa.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa marubutan nan uku sun yi ittifaƙi a kan abu guda: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawar shi ne duk wanda ya tsaya a kan yaro, ko mariƙi ne kamar Abdulkarim, ko uwa kamar Rabi, ko 'yar'uwar iyaye kamar Hajiya Kumatu. Shawarata ga malamai masu koyar da waɗannan littattafai ita ce su riƙa tambayar ɗalibai, a kowane labari, wa ya tsaya wa yaron nan, me kuma ya hana mahaifinsa tsayawa. Ga marubutanmu kuwa, filin makaranta yana nan ba a nome shi sosai ba: hedimasta da mai unguwa, da uwa mai tallan abinci a bakin ƙofa, da uban da bai iya karanta sakamakon jarrabawar ɗansa ba amma ya zo karɓa. Ina fata masana da ke wannan zaure za su faɗaɗa binciken zuwa wasan kwaikwayo da rubutattun waƙoƙi, su kuma gyara mini inda na yi kuskure.