Ɗan Ibro: Wa Ake Yi Wa Dariyar?



Makon jiya, bayan darasin nahawu, mun tarar da yara huɗu a bayan aji sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ta ƙyalƙyala dariya. Da muka leƙa, sai ga Ɗan Ibro. Mutumin nan ya rasu tun ran 10 ga Disamba 2014, lokacin wasu cikin yaran ko tafiya ba su fara ba, amma har yau yana sa su dariya a nan Tamale. Wanda aikinsa ya kai haka ya cancanci a zauna a auna shi da adalci. Cewa "shirme ne" kawai a wuce bai isa ba.

Sunansa Rabilu Musa, an haife shi a 1971 a Ɗanlasan, ƙaramar hukumar Warawa ta jihar Kano. Aikin gandiroba ya fara yi kafin ya ajiye kaki ya koma wasan kwaikwayo ɗungurungum. Lokacin sana'ar fim ɗin Hausa na kaset ba ta daɗe da tsayuwa ba, don Turmin Danya, wanda ake ƙirgawa na farko, a 1990 ya fito. Da kasuwa ta buɗe, yawancin finafinan soyayya ce da rawa da waƙa irin ta Indiya. Shi kuwa ya bi hanyar da aka riƙa kira camama: kuɗi kaɗan, ƙauye ko lungu, sai barkwanci tsantsa.

To, ina gwanintarsa take? Salonsa na ɗan wasan daɓe ne, wanda ya saba jama'a na gabansa. Ya san inda zai yi shiru, ya san inda zai zaro ido, ya san inda zai ɗaga siririyar muryar nan tasa. Amma abin da ya fi wannan shi ne a kansa yake ɗora wautar. Shi ne makwaɗaici, shi ne mai cika baki da zai riga kowa gudu, shi ne mai dabarar da ke komawa kansa, Kulu kuma tana gefe tana kallon ikon Allah. Duk wanda ya sha tatsuniya ya gane Gizo da Ƙoƙi ne suka dawo, ɗalibanmu na Larabci kuma za su tuna da Juha. In ka yi dariya a irin wannan wuri, wallahi halinka ka gani, ko na maƙwabcinka. Haka ya yi a Ibro Awilo, inda ya kwaikwayi mawaƙin nan na Kwango, Awilo Longomba: abin dariyar shi ne baƙauye ya ari rigar da ta fi ƙarfinsa.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Ibro Usama na 2002 ya jawo masa fushin wasu malamai a Kano. A 2008, zamanin da Malam Abubakar Rabo ke shugabancin hukumar tace finafinai ta jihar, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi wata biyu a kan Ibro Aloko. Tsohon gandiroba ya kwana a gidan yari. Ba mu ne alƙalan wannan shari'a ba. Namu ƙorafin daban ne, kuma guda biyu ne.

Na farko, ya yi wa baiwarsa almubazzaranci. Finafinai barkatai, yawancinsu an yi su a gurguje, labari ya fara babu inda ya dosa, ba'a ɗaya a maimaita ta har ta salance. Da ya rage yawa ya ƙara kyau, da abin da ya bari ya fi haka nauyi.

Na biyu shi ya sa muka ɗauki alƙalami. A finafinai da yawa dariyar tana barin Ibro ta koma kan Bagwari, ko Bafulatani, ko Buzu, ko wani da Hausarsa ba ta nuna ba. Za a ce ai wasa ne, kuma mun gaji wasa tsakanin Fulani da Barebari, da Kanawa da Zazzagawa, kamar yadda Dagombawa da Mosawa suke yi a nan. Gaskiya ne, amma wasan abokan wasa ba ni in ba ka ne: ka tsokane ni, in rama, mu ci abinci tare. A fim kuwa wanda aka yi wa ba'a ba shi da bakin ramawa. Mun ji da kunnenmu yaro yana kwaikwayon Hausar ɗan ajinsu da muryar Ibro, yaron ya yi shiru, washegari bai yarda ya ɗaga murya a karatu ba. A zango irin namu, inda Bahaushe da Badagombe da Bamoshe suke sahu ɗaya, kuma da yawanmu a kasuwa muka koyi Hausar, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Musulunci bai hana raha ba, cikin sahabbai ma an san Nu'aiman da barkwanci, amma aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta kuma hana jifan juna da laƙabi.

Saboda haka ba mu ce ku fasa waya ba, ba mu kuma ce duk abin da ya yi daidai ne ba. In dariya ta zo muku, ku tambayi kanku wa ake yi wa ita. In halin kwaɗayi ne ko ƙarya ko girman kai, Ibro ya yi aikinsa, kun kuma ƙaru. In harshen ɗan uwanku ne, ku wuce wurin.

Allah ya jiƙan Rabilu Musa, ya yafe masa kurakuransa, mu ma ya yafe mana. Wassalamu alaikum.