Sharhi: Shin Sojan Cikin Littafinka Ya San Abin Da Ya Fitar Da Shi?

Wani ɗan ƙungiyarmu daga Kajiji ya aiko mana da rubutaccen wasan kwaikwayo a kan yaƙin Tabkin Kwatto na 1804. Hausarsa ta yi daɗi, tsarin fitowa-fitowa ma ba laifi. Inda muka rabu da shi ɗaya ne: kowane mai baka da kwari a wasan, da ya buɗe baki sai ya jawo hujjojin jihadi tamkar a gaban Shehu ya yi sauka.

Anya kuwa haka rundunar take? Akwai malamai da almajirai, gaskiya ne, har an ce mahaddata wajen 200 suka yi shahada a Tsuntsuwa. Amma akwai Bafillacen da jangali ya ishe shi, da talakan da ake yi wa gargaɗi, wato a tilasta shi fita yaƙin sarki. Shehu da kansa ya lissafa waɗannan a Kitabul Farƙ. Akwai kuma wanda ganima ta fito da shi. A 1805, gab da Alwasa, mayaƙa suka auka wa Kwalde, garin da ake amana da shi, shugabanni suka hana, abin ya gagara. Malam Abdullahi, wanda daga baya ya zauna nan Boɗinga, takaicin irin wannan ne ya sa ya bar runduna a 1807 da niyyar tafiya Makka, sai Kanawa suka tsayar da shi. Kukansa na nan a Tazyinul Waraƙat, littafin da muke zaton marubucinmu bai leƙa ba.

Ko a Rum ta da, Yuliyas Kaisar ne ya rubuta dalilan yaƙe-yaƙensa. Sojan da ya bi shi ya ƙetare rafin Rubikon a shekara ta 49 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) bai bar mana littafi ba, sai dai mun san da albashi da gonar da ake yanka wa tsohon soja.

Shawararmu, marubucin ya koma fitowa ta uku, inda mayaƙa biyu ke gadi da dare. Ya bar ɗaya da wa'azinsa. Ɗayan kuwa ya tambayi wa zai nome masa gero bana, tunda ga damina ta faɗi.