Nadama Bayan Sauya Jinsi: Sharhi a kan Littafin Time to Think

A shekarar 2023 Hannah Barnes, wadda ta yi aikin jarida a BBC, ta wallafa Time to Think. Littafin ya bi tarihin sashen asibitin Tavistock da ke Landan, wanda aka ware domin yaran da ba su aminta da jinsin da aka haife su da shi ba. Ƙarfinsa yana cikin shaidar ma'aikatan sashen. Sun bayyana yadda yaran da ake turowa suka ƙaru daga ƙasa da 100 zuwa dubbai cikin shekara goma, 'yan mata suka zama mafi yawa, da yadda ake tura wasu neman maganin dakatar da balaga alhali ba a gama binciken sauran damuwarsu ba.

Shari'ar Keira Bell ta nuna abin da gaggawa ke haifarwa. An fara ba ta maganin tana da shekara 16, sannan sinadarin halittar maza, aka yi mata tiyatar cire nono tana da shekara 20, daga baya ta koma jinsinta. A 2020 Babbar Kotu ta ce da wuya yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ya fahimci girman abin da yake amincewa da shi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2021, amma an rufe sashen a 2024.

Marubuciyar ta yi adalci. Ta kawo muryar waɗanda suka gamsu da maganin, ta kuma nuna cewa sashen bai bibiyi yaran yadda za a san adadin masu nadama ba.

Rauninsa shi ne hankalinsa ya karkata ga gazawar asibiti, sai nadama ta zama hujjar kuskuren aiki kawai. Tambayar da ta fi nauyi ba ta sami haƙƙinta ba: wace ce wadda ta dawo? Muryarta ta yi kauri, jikinta ba zai koma yadda yake ba. Waɗanda suka yi maraba da tafiyarta na iya juya mata baya, masu adawa da su kuma su mai da ita tutar gardama.

A nan ɗalibin ilimin addini yake da aiki. Malamai sun sanya nadama cikin sharuɗɗan tuba, wato ƙofa ce ta komowa, ba tabon da ake goranta wa mutum ba. Sai dai wajibi ne a rarrabe tsakanin baligi mai zaɓi da yaron da aka damƙa amanarsa ga manya, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne. Littafin ya isa shaida a kan amanar da aka yi sakaci da ita. Yadda za a karɓi wadda ta dawo kuwa, ba tare da gori ba, yana jiran wani alƙalamin.