Labarin Zuciya A Tambayi Fuska

A gidajen kallo na Kazaure da Babura mun sha lura da wani abu: marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, yakan sa 'yan kallo dariya tun bai buɗe baki ba. Da ya zare ido ya karkace wuya, an gane ko wane irin mutum ne. Haka marigayi Usman Baba Pategi a wasan Samanja: tsayuwarsa kaɗai ta nuna soja ne.

To, mu marubuta fa? Tun daga Turmin Danya a 1990, surutu ya cinye finafinanmu da dama. Sai ka ga amarya ta zuba wa surukinta ido tana faɗin wai kunyarsa take ji. Alhali a Roni ko Gwiwa durƙusawa za ta yi, ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi. Shi ke nan, ta gama magana.

Saboda haka, idan muka zauna rubuta fim, mu riƙa rubuta abin da ido da hannu za su yi. Abin da fuska ta faɗa, kada a sa baki ya maimaita.